Firez, Kuloz da Jakin Arzika

A Unguwar Rogo babu wanda bai san Sodangi mai wanki da guga ba, kuma babu wanda bai ji daga bakinsa cewa guga ba sana'arsa ba ce, ƙaddara ce kawai ta ajiye shi a bakin tebur. Shi malamin Turanci ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Hujjarsa ita ce tun yana saurayi yake goge rigunan malaman jami'a, kuma duk rigar da ya ɗora wa dutsen guga, Turancin da ke jikinta tururi yake zama ya shige masa ta hanci. Ya taɓa rantse mana cewa akwai wani farfesa da in ya goge masa kwat, sai ya yini Hausa tana yi masa wuya. Mu da muke zama a benci gefen shagonsa mun daina musu da shi tuntuni, domin musu da Sodangi yini guda yake ci, kuma kai ne za ka gaji.

Amma tsakani da Allah akwai tausayi a lamarin. Bayansa ya fara lanƙwasa, gawayi ya ƙone masa yatsu, kuma duk burinsa a duniya bai wuce ya sa gogaggiyar riga ya wuce yara su ce masa "Sa" ba, maimakon "mai guga, an ce a ba da kayan Baba."

Ana nan sai malamin Turanci na makarantar Hajiya Hajara ya ajiye aiki. Makarantar ƙarama ce, a bayan layinmu take, rabin yaran unguwa can suke zuwa. Hajiya ta sanar cewa ba takarda take nema ba, wanda zai iya sa yara su gane take nema. Duk mai so ya zo ranar Asabar ya koyar a gaban iyaye, darasin kuma shi ne bambancin firez da kuloz, abin da ya kayar da yaran ajin a jarrabawar da ta wuce. Sodangi ya je ya ce a sa sunansa. Shi yake wa maigidanta guga, don haka kunya ta hana ta ce a'a.

Daga can bai zame ko'ina ba sai shago. Ya kashe gawayi, ya kife dutsen guga, ya bi gida gida yana mayar wa mutane kayansu da dauɗarsu.

"Ku nemi wani," in ji shi. "Hannun ga daga yau alli ɗai shika riƙewa."

Matsala ɗaya ce ta rage, ita ce bai san mene ne firez ba, balle kuloz. Da la'asar ya shiga gida ya tarar da matarsa Iyatu tana tankaɗe. Ita ta gama sakandare, shi kuwa a aji biyu ya yi sallama da makaranta.

"Iyatu, bari in jarraba ki in gani ko kina tune da karatunki. Mi ab bambancin firez da kuloz?"

"Jarrabawa ta, Malam, ko tambaya?"

"Jarrabawa."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. "Firez taron kalmomi na da babu mai aiki da aikinai a ciki. Awa ka ce 'cikin kasuwa', ko 'bayan sallar azahar'. Kalmomi sun taru, amma ba wanda yay yi komi. Kuloz ko shina da mai aiki, shina da aiki. Awa ka ce 'Sodangi ya ƙone riga'."

"Wace riga? Ta wa?"

"Misali na, Malam."

"Ki canza misali."

"Akwai kuma kuloz da ba shi tsayuwa shi ɗai, sai ya raɓu da wani. Awa ka ce 'lokacin da Sodangi ya ƙone riga'. Ka ji magana ba ta ƙare ba, kana jiran ka ji abin da mai riga yay yi mai."

"Na ce ki hita batun rigag ga!" Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "To, kin ci. Daman abin da nis sani ke nan."

Ya yi ta kallon akuyar Iyatu da ke ɗaure a turke, can sai ya miƙe zumbur har ya kusa kifar da ƙwaryar gari. Ya ce ya gano abin da ya sa yara ba sa gane Turanci: a allo ake rubuta musu shi, alhali yaro da ido yake karatu. Shi zai kawo musu firez da kuloz da ransu, su gan su, su taɓa su. Amalanke ita ce firez, tana da taya tana da kaya amma babu mai ja. Jaki shi ne kuloz, ga mai tafiya ga tafiya. Akuya kuwa in an ɗaure ta a jikin jaki, ta zama kuloz mai raɓe.

Iyatu ta ce dabarar ba laifi, in dai za a bar mata akuyarta. Ya ce ilimi ya fi akuya.

Amalanke ya aro ta a shagon hatsin Alhaji Tukur da ke Ƙofar Taramniya. Alhaji shi ne shugaban iyayen yara na makarantar, mutum ne mai jiki, mai son a girmama shi, don haka da Sodangi ya ce masa a kanta za a yi masa mazaunin babban baƙo, sai ya ba da ita har da darduma. Lasifikar hannu kuwa a wurin Sa'ad mai maganin ɓera ya karɓo. Jaki ne ya rage, shi ma Allah ya kawo shi har gida. Kawun Iyatu, Malam Arzika, manomi ne a wani ƙauye kusa da Wamakko, kuma da rani yakan shigo gari da jakinsa da sassafe. Ranar Asabar yana yin sallama Sodangi ya tarbe shi da fara'ar da bai taɓa yi masa ba, ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya dire masa ɗumamen tuwo da ƙwaryar fura.

"Kawu, ci ka huta. Jakin ga zan kai shi shi sha ruwa."

Ya ja jaki da mangalarsa ta lodi mai aljihu biyu a baya, ya ɗaure akuya a jikin mangalar, ya ɗauko wata baƙar kwat da mai ita ya manta da ita a shago ya saka, a zafin Sakkwato da ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Muka bi shi a baya gaba ɗayanmu, domin ko me za a yi a ranar ba ma so a ba mu labari.

Filin makarantar ya cika. Iyaye maza a kan benci, mata a gindin dogonyaro tare da masu sayar da zoɓo, yara a ƙasa. Sodangi ya tura amalanke ya ajiye a saman filin, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ya sa mata dutse a ƙarƙashin taya. Jaki kuwa da kansa ya taka har kusurwar katanga, inda ake tara sharar makaranta da kashin awakin maƙwabta, ya tsaya cak. Sodangi ya dube mu ya ce mu ga tarbiyya, tun kafin a nuna masa wuri ya san wurinsa.

Wanda ya fara koyarwa wani saurayi ne mai suna Gazali, mai takardar koyarwa, mai sanyin murya. Ya rubuta jimloli a allo, ya ja layi a ƙarƙashin wasu, ya yi bayani daidai wa daida. Ba a kama shi da kuskure ko ɗaya ba, sai dai kafin ya gama yara uku sun yi barci, Alhaji Tukur ma yana gyangyaɗi.

Da aka kira Sodangi sai ya fito yana taku ɗaiɗai, ya rataya lasifika a wuya, ya ɗaga ta saitin baki, ya danna maɓalli. Maimakon muryarsa sai muryar Sa'ad ta tashi, wadda ya naɗa a ciki don talla:

"Maganin ɓera! Maganin kyankyaso! Ci ka mutu, shinshina ka suma!"

Yara suka farka gaba ɗaya. Sodangi ya danna nan ya danna can, ya buga ta a cinya, da ƙyar ta yi shiru.

"Wanga gwajin na'ura na," in ji shi. "Hakanan aka yi jami'a. Gud monin, ledis an jantulman!"

Ya roƙi Alhaji Tukur ya hau amalanke. Mutum biyu suka tallafa masa, ya zauna a kan darduma ya baza babbar riga, yana murmushin manya.

"Yara, ku diba da kyau. Wagga amalanke ita af firez. Ga taya, ga katako, ga kaya masu nauyi…"

"Ni ak kaya?" in ji Alhaji.

"Kaya masu daraja, Alhaji. Komi ya taru, amma babu mai aiki, babu aiki. In kunka ce 'in di maket', wa yay yi mi? Babu! Don haka firez ba ta zuwa ko'ina. Ko shekara Alhaji zai yi bisa, wallahi ba ta motsi. In tam motsa, ku canza min suna."

Hajiya Hajara ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu. Ni kaina a lokacin na fara tunanin ko mun daɗe muna zaluntar mutumin nan.

Ya taka zuwa kusurwa ya dafa jaki. "Wanga ko shi ak kuloz. Ga mai aiki, jaki. Ga aiki, tahiya. 'Di donki goz.' Ba shi bukatar kowa, da kainai shika tahiya. Ita ko akuyag ga tana da ƙahwa, tana tahiya, amma sai inda yaj ja ta, ita ak kuloz mai raɓe. Yanzu ku buɗe ido ku ga kuloz. Donki, go!"

Jaki ya kaɗa kunne ɗaya.

"Donki, ai se go!"

Jaki ya sunkuyar da kai yana shinshina shara.

"Halan ba shi jin Turanci," in ji wani daga benci. "Gwada mai Hausa."

"Ko Hillanci," in ji wani. "Jakin ƙauye na."

Sodangi ya yi kamar bai ji ba. Ya ja igiya ta gaba, jaki ya kafe ƙafafu. Ya koma baya ya sa kafaɗa ya tura, takalminsa ya zame ya durƙusa a cikin shara. Ya karɓi ƙosai a hannun wata yarinya ya riƙe a gaban hancin jakin yana ja da baya, akuya ta miƙo wuya ta cafke. Gumi ya jiƙa kwat sharkaf.

"Malam Sodangi," in ji Hajiya a hankali, "ko mu ɗauka wanga ma firez na?"

"Kuloz na, Hajiya! Tunani shika yi. Tunani ma aiki na."

"Da zai yi tunanin da sauri," in ji Alhaji daga saman amalanke, "rana ta hwara cin ƙeyata."

Dariyar da aka yi ce ta tunzura shi. Ya waiga yana neman abin da zai razana jakin da shi, idonsa ya faɗa kan wani dutse mai kyau, daidai hannu. Ya ruga ya fizgo shi, ya dawo yana ɗaga shi sama. Bai lura daga inda ya ciro shi ba, mu ma ba mu lura ba sai da muka ji ƙarar taya.

Amalanke ta fara gangarowa a hankali, kamar mai neman izini. Alhaji ya ce "Kai." Ta ƙara sauri, ya ce "Kai, kai, kai!" Ya damƙe gefe da gefe, iska ta cika babbar riga, hula ta yi nata wuri. Maza suka dare, benci ya kife da mutum huɗu. Ta nufi gindin dogonyaro, mata suka watse suna salati, ta ɗauki kular zoɓo ta wuce da ita, ba ta tsaya ba sai da tayarta ta faɗa kwatar bakin ƙofa. Alhaji ya sauka a zaune, jajawur da zoɓo tun daga gemu har cinya.

"Firez ta tahi!" yara suka ɗauka baki ɗaya. "Firez ta tahi da Alhaji!"

Wata yarinya ta ɗaga hannu, da ladabinta. "Sa, ka ce ba ta motsi."

Karo na farko ke nan a rayuwarsa da aka ce masa "Sa", kuma na ga yadda kalmar ta shige shi. Ya tsaya da dutse a hannu, har ya so ya yi murmushi. Sai ya hango yaran shagon Alhaji su biyu suna naɗe hannun riga suna nufo shi.

"Darasi bai ƙare ba!" ya yi ihu. "Saura kuloz!"

Ya yar da dutse, ya yi tsalle ya haye jaki, ƙafafunsa suka zurma cikin aljihun mangala hagu da dama.

Abin da turi da ja da ƙosai suka kasa, nauyin Sodangi ya yi shi nan take. Jaki ya ɗaga kai, ya juya, ya nufi ƙofa da sassarfa kamar an kira shi. Ya tsallake Alhaji, ya fita titi. Akuya tana biye tana kuka, igiya ta miƙe.

"Kun gani?" Sodangi yana ihu yana waige. "Kuloz! Di donki goz! To, ya isa. Donki, sitof! Tsaya! Tsaya, don Allah!"

Ƙirjinsa ya bugi lasifika, Sa'ad ya dawo: "Maganin ɓera! Maganin kyankyaso!"

Daidai nan Malam Arzika ya shigo yana suɗe yatsu, Iyatu tana bayansa. Ya dubi kusurwar shara, ya dubi ƙurar da jakinsa ya tayar, ya riƙe haɓa.

"Wa yak kai shi bakin juji?"

Hajiya ta ce da kansa ya je.

"To ai aikinai ke nan. Taki muka kwasa gidajen birni muna kaiwa gona. In yag ga juji, nan shika tsayawa, ko duka kaka yi ba shi ɗagawa sai an loda mai. In ko yaj ji nauyi bisa bayanai, ya san an gama lodi, ba shi tsayawa sai gona."

Alhaji Tukur, yana zaune a bakin kwata ana matse masa riga, ya tambaya a hankali, "Wato yanzu jakin ga mi yaɗ ɗauka ya ɗauko?"

"Taki, Alhaji," in ji Arzika. "Kuma ga tahiyatai, ya ji lodin ya cika."

Alhaji ya fara dariya har sai da aka riƙe shi kada ya koma cikin kwata. Iyatu kuwa ta yi waje da gudu, mayafi a hannu, tana kiran a taimaka a tare. Wani ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ya ce ta kwantar da hankali, mijinta ba zai faɗo ba.

"Wa ka batun miji?" in ji ta. "Akuyata ciki gare ta!"

Sauran labarin a bakin 'yan kabu-kabu muka ji, domin sun yi masa rakiya a jere suna busa ham. Sun ce jakin ya san kowane lungu, ya bi ta cikin masu lemo, ya ratsa wani ɗaurin aure. Lasifika ba ta yi shiru ba, har mata suna leƙowa suna cewa mai magani ya tsaya mana, wane irin talla ne wannan. An samu kwance akuya a bakin gari. Sodangi kuwa ƙafafunsa sun maƙale a mangala, sai da aka kai gona, jaki ya ja birki a gaban tarin takin Arzika, shi kuma ya wuce ta saman kunnuwa ya sauka inda ake sauke lodi.

A makaranta, da ƙura ta lafa, Hajiya ta ce bari dai ta gwada. Ta karanto "bayan ruwan sama" da Turanci, yara suka ce amalanke. Ta karanto "yaro ya faɗi", suka ce jaki. Ta karanto "da yaro ya faɗi", suka ce akuya. Ta yi ta jero musu, ko ɗaya ba su kuskure ba, har waɗanda suka yi barci.

Washegari Sodangi ya je wurinta yana ɗingishi, ya ji wannan labari, fuskarsa ta washe.

"To Hajiya, yaushe zan hwara?"

Hajiya ta daɗe tana gyara mayafi. Ta ce iyaye sun zauna, sun ce Gazali zai riƙe aji, domin Alhaji ya rantse in aka ɗauki Sodangi zai kwashe jikokinsa. Amma darasin ya yi kyau ƙwarai, don haka sun yi magana da Malam Arzika, duk zango zai riƙa kawo jakin a nuna wa yara, ladansa kuma jujin makaranta.

"Jakin anka ɗauka?"

"Na wucin gadi," in ji Hajiya.

Ya fito ya nufi shago. A ranar bencinmu babu wanda ya tsokane shi, domin mun ga idonsa ya yi ja, kuma mun san abin ya yi masa ciwo. Ya hura gawayi, ya bi gida gida ya karɓo kayan da ya mayar.

Sai dai jakin bai manta da shi ba. Tun daga ranar, duk safiyar da Arzika ya shigo gari ta layinmu, yana isowa ƙofar shagon Sodangi sai ya tsaya cak, ya gyara tsayuwa, ya juyo masa da mangala yana jira. Arzika ya yi ta ja, a banza. Mu kuma mu sunkuyar da kai muna cizon leɓe.

Wata safiya wani baƙo da ya kawo guga ya ga abin, ya tambaya me jakin nan yake jira.

Sodangi ya ɗaga dutse, ya hura gawayi, ya dubi jakin da ido irin na manya.

"Ɗalibina na," in ji shi. "Ni nis samo mai aikin koyarwa. Kullum sai ya zaka gaisuwa."